Tambaya da Amsa: Wane Injin Juya Katako Ya Dace da Mai Koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Tudun Wada, Kaduna, ina yin gadaje da kujeru da tebura. Duk lokacin da aiki ya buƙaci ƙafa mai ado, irin wadda ake ferewa a zagaye, sai na ɗauki katako na kai wa masu inji, na biya su, na kuma jira, wani lokaci har mai kaya ya fara ƙorafi. Yanzu na tara ɗan abin da Allah ya hore mini, ina so na sayi injin juya katako na koyi aikin da kaina, amma ban taɓa riƙe cizal a kansa ba. Injuna uku ne a gabana. Akwai ƙarami sabo ɗan Caina da na gani a intanet, wanda ake murɗa maɓalli a ƙara masa gudu ko a rage. Akwai wanda masu walda a Panteka suka ce za su ƙera mini. Sai kuma wani tsoho ƙato ɗan Ingila da wani dillali ya nuna mini, ya ce daga wata makarantar koyon sana'a aka yi gwanjonsa. Wanne zan ɗauka? Daga wani kafinta, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Allah ya sanya wa sana'a albarka. Ka riga ka sauƙaƙa mini rabin amsar, domin ka faɗi abin da kake son sassaƙawa, alhali yawancin masu tambaya irin taka sukan fara da sunan kamfani da farashi, su manta da aikin da injin zai yi.

Kafin ka sake zuwa wurin kowa, ɗauki tef ka auna ƙafar tebur ɗin da ka saba yi. Tebur na cin abinci ko na ofis tsayinsa bai wuce inci 30 ba, don haka ƙafarsa takan kai inci 28 ko 29, ta kujera kuma inci 16 zuwa 18, ginshiƙin gado kuwa yakan zarce duka biyun. Kowane injin juya katako ana bayyana girmansa da lambobi biyu: ta farko ita ce faɗin katako mafi girma da zai iya juyawa ba tare da ya taɓa gadon injin ba, wato doguwar shimfiɗar ƙarfen da sauran sassansa ke zaune a kai, ta biyu kuma ita ce tazarar da ke tsakanin tsinin kai da tsinin wutsiya, tsini biyun da ke riƙe katako ta ƙarshensa biyu, wato tsawon katakon da zai shiga. Wasu kamfanoni a cikin sunan injin suke sa su. Jet 1221, misali, yana ɗaukar faɗin inci 12 da tsawon kusan inci 21. Ƙananan da ake tallatawa a intanet galibi tsawonsu inci 12 ne zuwa 18. Irin wannan ba zai ɗauki ƙafar teburinka ba, komai kyawun fentinsa. Kai abin da kake buƙata shi ne tazarar inci 36 ko fiye, ko kuma matsakaicin inji wanda ake sayar da ƙarin gado da ake ɗaura masa, muddin ka tabbatar ƙarin yana hannun mai sayarwa, ba alkawari ya yi maka ba. Da wannan awo kaɗai ƙaramin ɗan Cainan ya fita daga lissafinka, ba don ƙasar da aka yi shi ba, domin yawancin injunan da manyan kamfanonin Turai da Amurka ke sayarwa a yau a Caina ko Taiwan ake ƙera su, sai don ya yi wa aikinka kaɗan.

Abu na biyu shi ne nauyi, kuma a ganina shi ne abin da mai koyo ya fi rainawa. Katakon da ka ɗaura da farko mai kusurwa huɗu ne, wani gefen ya fi wani nauyi, kuma da zarar ya fara juyawa zai riƙa jijjiga injin. Idan injin na falle ne ko na siraran bututu, jijjigar za ta bi ta majinginar cizal ta shiga hannunka, bakin cizal ya riƙa tsalle, aikin ya fito da gargada wadda samfefa ba za ta goge ba. Mai koyo a kan irin wannan inji yakan ɗauka hannunsa ne bai iya ba, har ya yanke ƙauna, alhali laifin na injin ne. Ƙarfen zubi mai kauri yana shanye jijjiga. Matsakaicin inji na kirki yakan haura kilo 50, tsofaffin na Ingila kuwa sai mutum uku ko huɗu sun taru kafin su ɗaga. Idan mutum ɗaya zai iya saɓa inji a kafaɗa ya hau babur da shi, to ba na ƙafar gado ba ne.

Sai maganar gudu. Masu talla sukan yi alfahari da cewa injinsu yana juyi 3,000 ko fiye a minti ɗaya, amma lambar da ya kamata ka tambaya ita ce mafi ƙanƙanta. Masu wannan sana'a suna da wani lissafi na kiyaye haɗari: a ninka faɗin katako a inci da yawan juyinsa a minti, sakamakon ya tsaya tsakanin 6,000 da 9,000. Kenan akushi mai faɗin inci 10 gudunsa juyi 600 ne zuwa 900, kuma idan bai daidaita ba tukuna, ƙasa da haka ake farawa. Ƙafar tebur mai kaurin inci 3 za ka fara fere ta a kan juyi 800 zuwa 1,000, sannan ka ƙara bayan ta zama zagaye. Injin da ba ya sauka zuwa juyi 500 ko ƙasa zai takura maka ranar da aka kawo maka babban aiki, kuma katakon da ya kuɓuce a kan gudu mai yawa ba ya neman izinin inda zai sauka.

Hanyoyin canza gudu biyu ne. Akwai na bel, inda ake kashe inji a matsar da bel daga wani matakin fuli zuwa wani, yawanci matakai huɗu ko biyar. Akwai kuma na lantarki, mai maɓallin murɗawa kamar wanda ka gani. Ba zan ɓoye maka ba, na lantarkin ya fi daɗin aiki, kuma a ƙasashen da wuta ke tsaye shi ake ba mai koyo shawara ya saya. Amma mu a nan Kaduna mun san yadda wuta ke zuwa da rauni da yamma, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Abin da ke sarrafa gudun wani ɗan allon lantarki ne a cikin injin, kuma shi ne yake fara ƙonewa. Idan ya ƙone, sai ka jira a aiko da wani daga waje, injin yana zaune yana shan ƙura. Moto na gargajiya mai bel kuwa, idan kafasitarsa ta mutu ana samunta a shagon kayan wuta, idan wayarsa ta ƙone akwai masu naɗa koyil a kowace unguwa, bel da boris kuma ba sa wuya. Don haka ga wanda zai ci abinci da injin a garin nan, na bel nake zaɓa masa ba tare da wata-wata ba.

Ƙarfin moto kuma kada ka bari a ruɗe ka da shi. Ƙarfin doki 1, wato wat 746, ya ishe ka ƙafafun kujera da na tebur da matsakaicin akushi. Ko kashi uku cikin huɗu na doki zai yi. Abin lura shi ne irin wannan moto yakan ja wuta ninki uku ko fiye a daidai lokacin tashi, saboda haka ƙaramin janaretan nan na kunna fitila da fanka ba zai tayar da shi ba. Ka yi lissafin janareta mai 2.5 kVA zuwa sama.

Yanzu mu zo ga tsohon ɗan Ingila, wanda shi ne hankalina ya fi karkata gare shi, da sharaɗi. Injunan da aka yi wa makarantu da masana'antu a shekarun baya, irin na Wadkin ko Union Graduate, an zuba musu ƙarfe ba ƙwauro, kuma babu wani abu mai sarƙaƙiya a cikinsu. Tsufa ba ya kashe su, sakaci da faɗuwa ne suke kashe su. Ka je da rana, ka tafi da wanda ya san aikin, kuma kada ka yarda da ciniki a kan inji da ba a kunna ba. Abin farko, ka turo wutsiyar injin har tsininta ya kusa taɓa tsinin kai, ka ɗaure ta, ka sunkuya ka duba ta sama da ta gefe: tsinin biyu su haɗu baki da baki. Idan ɗaya ya kauce da abin da ido zai gani, to duk ramin da ka huda zai karkace, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. Sannan ka kama sandar da ke juyawa da hannu biyu ka girgiza ta sama da ƙasa. Idan ka ji tana ƙwas-ƙwas, boris ya ci. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin rage kuɗi ne, domin boris ana canza shi. A kunna injin ya yi minti goma yana gudu babu katako, ka saurara ko akwai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ka ɗora bayan hannunka a gidan boris bayan an kashe. Ɗumi ba laifi, amma zafin da ba ka iya jurewa alama ce. Ka ɗaure majinginar cizal ka danna ta da ƙarfinka, ka ga ko tana zamewa. Daga ƙarshe ka goge maiƙo da ƙura ka bi jikin ƙarfen zubin da ido, musamman wuyan majingina da ƙasan wutsiya, kana neman tsaga ko tabon walda. Tsagar ƙarfen zubi ita ce aibin da nake cewa a juya a tafi, saboda waldarsa ba ta cika riƙewa ba, kuma wuri ne da ke ɗaukar duka. Tsatsar sama ba komai ba ce, kananzir da samfefa sun ishe ta.

Akwai abubuwa biyu da dillali ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya. Na farko, yawancin injunan makarantu da masana'antu motonsu na wuta mai layi uku ne, mai volt 415, wadda ba lallai ne shagonka yana da ita ba. Ka karanta farantin da ke jikin moton. Idan haka ne, ka sa kuɗin sabon moto mai layi ɗaya, mai juyi wajen 1,450 a minti, a cikin lissafinka. Na biyu, ka tabbatar wutsiya da majingina da tsinin tuƙi, wato tsinin kai mai juya katakon, duk suna nan, domin su ne suke ɓacewa wajen gwanjo, kuma inji babu wutsiya gangar ƙarfe ce kawai.

Wannan ya kawo mu ga ma'aunin kayan haɗi. Tsinin kai da na wutsiya suna shiga wani rami ne mai tsukewa da ake kira Morse, kuma lamba 2, wadda ake rubutawa MT2, ita ce ta fi yaɗuwa, kayanta sun fi sauƙin samu. Bakin sandar kuma yana da zare irin na noti inda ake ɗaura faranti ko cak, wato abin nan mai muƙamuƙi huɗu da ke damƙe katako. Zaren da aka fi samu a matsakaitan injuna shi ne inci 1 mai haƙora 8, sai M33 na Turai. Tsofaffin na Ingila sukan zo da nasu daban. Union Graduate, misali, inci 1½ ne mai haƙora 6. Ga aikin ƙafafu wannan ba zai dame ka ba, tunda tsakanin tsini biyu za ka riƙa ɗaurawa, ranar da ka buƙaci cak kuma masu injin fere ƙarfe za su iya yanka maka mahaɗi.

To, idan tsohon ya faɗi wannan jarrabawa fa? Sai ka koma Panteka, kuma ba na faɗin haka da raini. Mutanen da ke ƙera injin niƙa da na casar hatsi ba injin juya katako ne zai gagare su ba, kuma yawancin ƙafafun gadajen da ke gidajenmu a kan irin nasu aka fere su. Sai dai za su yi maka abin da ka ce ne, don haka ka je da bayaninka a rubuce. Gadon injin ya kasance na ƙarfe mai kauri irin na canel, ba angul siriri ba, a kuma bar wuri a ƙasa inda za ka jibge buhunan yashi don ƙarin nauyi. Moton ya zama mai juyi 1,450, kada a sa maka na famfon ruwa mai juyi kusan 2,900, kuma ko kusa kada a haɗa katako kai tsaye da sandar moto. A sa fuli mai matakai. Lissafinsa mai sauƙi ne: fuli mai inci 2 a kan moto da mai inci 6 a kan sanda zai ba ka juyi wajen 480, idan girmansu ɗaya ne kuma ka sami 1,450. Wutsiya ta zo da tsini mai boris wanda ke juyawa tare da katako, domin tsayayyen tsini yana ƙona itace. A rufe bel da murfi, a sa makunni inda hannunka zai kai ba tare da ka miƙa ta kan katako mai juyawa ba, tsayin sandar kuma ya yi daidai da gwiwar hannunka idan kana tsaye. Sauran kuɗin aikin kada ka biya sai ka yi gwajin tsini biyun nan a gabansu.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan injin. Ka ware kashi ɗaya cikin uku, ko ma fiye, don kayan yanka da na wasawa. Cizal huɗu sun ishe ka farawa: babba mai kwarmi na fere kusurwa, ƙarami mai kwarmi na fitar da ado, mai karkataccen baki na sulɓi, da siriri na yanke iyaka. Ka nemi waɗanda aka rubuta HSS a jikinsu, domin ƙarfensu yana jure zafi, bakinsu yana daɗewa. Injin wasa ƙarfe mai dutsen inci 6 ko 8 wajibi ne, saboda wannan aiki yana cin baki fiye da duk abin da ka saba a kafinta. A katako mai tauri kamar ƙirya ko kawo, za ka koma kan dutse sau da yawa kafin ka gama ƙafa ɗaya. Na san wasu suna wasa tsohon fayil su mai da shi cizal. Ina roƙonka kada ka yi: ƙarfen fayil gautsi gare shi, idan katako ya cafke shi karyewa yake yi ya fantsama.

Ka sayi garkuwar fuska mai rufe har haɓa, ba tabarau kaɗai ba, da takunkumin hanci na kirki, domin hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, musamman a hanci. Riga mai faɗin hannu, da carbi a wuya ko a hannu, da zobe, da safar hannu, duk a ajiye su kafin a kunna. Kuma kowane lokaci ka juya katakon da hannu sau ɗaya ka ga bai taɓa majingina ba, ka tsaya a gefe sa'ad da yake tashi.

Shawarata ta ƙarshe gare ka ita ce, ka je wurin mutumin nan da kake kai wa aiki, ka roƙe shi ya bar ka ka tsaya a gefensa na 'yan makonni, ko da za ka biya. A can za ka ga injin da ke yin ainihin aikin da kake so, ka ji nauyinsa a hannunka. Don gwaji kuma ka fara da ɗanyen reshen dalbejiya ko mangwaro ko malaina, masu laushi da araha, ka bar maɗaci sai hannu ya faɗa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na yi ritaya, ina zaune a Barnawa, ina sha'awar wannan sana'a don motsa jiki da ɗebe kewa. Ɗana da ke Amurka ya ce zai aiko mini da inji. Me zan ce masa ya duba? Daga wani dattijo, Barnawa.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaron albarka. Babban abin da za ku gaya masa shi ne wuta. Injunan da ake sayarwa a Amurka don gida na volt 110 zuwa 120 ne a kan hertz 60, wato yawan kai-komon wutar a daƙiƙa ɗaya, namu kuwa volt 230 ne a kan hertz 50. Idan aka jona irin wannan kai tsaye, nan take zai ƙone. Taransifoma mai rage wuta tana magance volt, amma dole ƙarfinta ya ninka na moton aƙalla sau biyu, kuma ba ta canza hertz, saboda haka moto na gargajiya zai yi gudu ƙasa da abin da aka rubuta da kashi ɗaya cikin shida, yana kuma iya ɗaukar zafi. Abin da ya fi shi ne ya nemi samfurin da aka yi wa kasuwar Ingila ko Turai, mai volt 230, irin na Record Power ko Axminster, ko Jet na Turai. Tunda ba ƙafar gado za ku yi ba, matsakaici mai faɗin inci 12 ya wadatar. Idan ya zaɓi mai maɓallin gudu, wanda zai hutar da ku canza bel, to a haɗa shi da sitabilaiza, a kuma riƙa zare shi daga soket bayan aiki. Ku ce masa ya sako cak mai zare daidai da injin, da bel na ajiya, da cizal da garkuwar fuska a cikin kaya ɗaya, domin su ne suka fi wuyar samu a nan.

Tambaya: Ina sayar da kayan kicin a Kawo, ina so ƙanena ya koyi yin ƙananan akussa da muciya da murfin kwalba mu riƙa sayarwa. Ƙaramin inji zai yi? Daga wata 'yar kasuwa, Kawo.

Amsa: Hajiya, zai yi, muddin na ƙarfen zubi ne, mai faɗin inci 10 ko 12, mai moto rabin doki zuwa sama, kuma gudunsa yana sauka zuwa wajen juyi 500. Muciya doguwa ce kawai za ta iya fin ƙarfinsa, sai ki auna wadda kike sayarwa kafin ki biya. Ki guji 'yan mitsi-mitsin nan na alminiyam masu aiki da adafta kamar ta kwamfuta, waɗanda ba su wuce yin 'ya'yan carbi ba. Aikin akushi yana buƙatar cak da cizal nasa na musamman mai zurfin kwarmi da kaurin wuya. Babban cizal na fere kusurwa ba a sa shi a akushi ko kaɗan, domin yana cafkewa ya karye daga ƙota. Sai kuma a kula da hunturu: akushin da aka fere daga ɗanyen itace yana tsagewa idan ya bushe da sauri. A fere shi da kauri, kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, a sa shi a buhun takarda tare da ɓawon sassaƙarsa a inuwa na wasu watanni, sannan a mayar da shi kan inji a ƙarasa. Tunda abinci za a zuba, kada a shafa masa fenti ko banish, kuma a tambayi tsofaffin masassaƙa itatuwan da suke yin akushi da su, domin akwai masu ɗaci da masu guba kamar gwaska.